Maganar da Na Yi a Teburin Mai Shayi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Sunana Ishaya, ni ne mai gyaran injin ban-ruwa a bakin kasuwar Goronyo. Daga ƙasar Zuru na zo, na daɗe a nan har 'ya'yana ba su san wani gari ba. Kun san ni, kun kuma san bakina. Kada ku sunkuyar da kai, na san mi ake cewa a bayana! In Ishaya ya buɗe baki sai a nemi wurin ɓuya. Ni kuwa har alfahari nake da abin, ina cewa ni ba na ɓoye-ɓoye.

Akwai wani manomin albasa, Malam Sani, mutumin wajen Rimawa. Shekara da shekaru ni ke gyara mashi inji. Injin nan ya tsufa ƙwarai, shan mai yake yi kamar an huda tankin. Na sha gaya mashi ya rabu da shi, amma ba shi da halin sabo. A ranin bara ya kawo shi na gyara, ya sake lalacewa, sai ya wuce shagona ya kai wa wani. Har anka ce mani ya ce hannun Ishaya ya fara sanyi.

Kai! Abin ya ci mani rai.

Washegari da safe ina teburin mai shayi, mutane cike, sai ga Malam Sani ya wuce a babur da jarkoki biyu na fetur ɗaure a baya. Kun san halin da ƙasarmu take ciki. Tun da 'yan bindiga sunka addabe mu, duk wanda anka gani da jarkar mai ana yi mashi kallo biyu, don baburansu na daji sai an kai masu mai daga gari. Ni ma na san haka. Na sani sarai.

Na ajiye kofi na ce, "Gonar albasa nawa gare shi da kullum jarka biyu? A dai bincika inda man nan ke kwana."

Wasu sunka yi dariya, wasu ba su yi ba. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Makanike, wagga magana ba ta shayi ba ce." Na ce ai wasa nake. Na shanye shayina na tafi shago, raina fes, wai na rama.

Ba a daɗe ba 'yan bindiga sunka shiga wani ƙauye can gefen gulbi, sunka kora shanu, sunka tafi da mutane. Gari ya ɗauki zafi. Kowa na cewa akwai ɗan gari a ciki, akwai mai kai masu mai da labari. Ranar kasuwa da hantsi 'yan sa-kai sunka tare Malam Sani a hanya da jarkokinsa, sunka ɗaure shi sunka tafi da shi.

Ina cikin kwance wani inji na ji an yi sallama. Tsohuwa ce, mahaifiyar Malam Sani, ko takalmi babu a ƙafarta. Ta kama hannuna da baƙin mai da komai.

"Ɗana," ta ce, "kai ka san injin Sani ciki da waje. Sun ce wai daji shika kai mai. Don Allah ka tahi ka gaya musu abin da injin nan ka sha. Kai za su ji maganarka."

'Yan'uwa, ba ta san daga bakin wa maganar ta fito ba!

Na ce, "To, Inna, ina zuwa." Amma gida na nufa. Tsoro ya kama ni. Matata Rifkatu tana ganina ta bar wankin da take yi.

"Baban Murna, mi ya faru?"

Na gaya mata komai. Sannan ta ce, "In ka je, mu baƙi ne, za su iya cewa tare kuke. In ba ka je ba, kafin la'asar sun fita da shi bayan gari, ka kuwa san wanda anka fita da shi ba ya dawowa. Ni ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba. Amma durƙusa tukuna."

Munka durƙusa a tsakar gida cikin rana. Ni da ba a taɓa rufe mani baki ba, na buɗe baki na rasa kalma. Kuka kawai. Da ƙyar na ce, "Ya Yesu, na kashe mutum da bakina. Kada ka bari ya mutu. Ka karɓi bakin nan, ni na kasa riƙe shi."

Ba zan yi maku ƙarya ba, tsoron bai tafi ba. Amma na ji ƙafafuna sun tashi.

Na biya wurin mai unguwarmu, na faɗa mashi gaskiya. Ya girgiza kai, ya ɗauki hularsa, munka tafi tare. A wani kango bayan kasuwa munka sami 'yan sa-kan. Malam Sani na kwance a ƙasa, hannuwa a ɗaure ta baya, fuska ta kumbura har ban gane shi da farko ba. An riga an tayar da babura.

Shugabansu ya ce, "Kai kuma mi ya kawo ka?"

Na ce, "Maganar man nan daga bakina ta fito. Ƙarya na yi. Haushi ne, don ya kai injinsa wani wuri."

Sai wani daga cikinsu ya taso ya kwaɗa mani mari. "Maƙaryaci! Jiya ka ce kaza, yau ka ce kaza. Nawa anka ba ka? Ko tare kuke?" Ya zagi uwata, ya zagi garinmu, ya ɗora mani bakin bindiga a ƙirji.

Jama'a, amsa ta zo har nan maƙogwarona. Amsa mai zafi, irin wadda na saba. Na san in ta fita, ni da Malam Sani tare za a fita da mu. Sai na ji kamar an sa hannu an rufe mani baki. Ni na san kaina, wannan ba ƙarfina ba ne. Haleluya!

Da na sami numfashi na ce, "Ka yi gaskiya, maƙaryaci ne ni. Kada ku yarda da ni. A kawo injin, a zuba mai, ku gani da idonku."

Mai unguwa ya sa baki, shugaban ya aika anka ɗauko injin daga gonar Malam Sani. Anka cika tanki anka tayar. Muna tsaye cikin rana, mai na ɗiga ta ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe kangon. Ina ta addu'a a zuci, bindigar nan tana kusa da ni. Kafin a ankara injin ya yi tari ya mutu, tanki ƙaf.

Ana kiran la'asar sunka kwance Malam Sani.

Ya rayu, godiya ga Ubangiji! Amma igiyar ta ci hannunsa na hagu, har yau ba ya dunƙuluwa. Albasarsa ta shekarar ta bushe a gona yana jinya.

Da ya ji sauƙi na tafi Rimawa na durƙusa a zaurensa, gaban mahaifiyarsa, na faɗi abin da na yi. Tsohuwar ta tashi ta shige gida ba ta dube ni ba. Shi kuwa ya ɗago kai ya dube ni.

"Na yahe maka don Allah, Ishaya," ya ce. "Amma ka sani, har yanzu in na zauna ga benci cikin kasuwa, mutane matsawa sukai."

Wannan ban iya gyara shi ba, 'yan'uwa. Na bi teburin shayi da rumfa-rumfa ina cewa ƙarya na yi, amma waɗanda sunka ji ta farko sun fi waɗanda sunka ji ta biyu yawa.

Ina gode wa Yesu da ya tsare ran Malam Sani, ya kuma hana jininsa zama a wuyana. Ina gode mashi da ya kama bakina ranar da ni na kasa. Har yanzu magana tana taso mani, kullum sai na roƙe shi tun da safe. In akwai mai irin bakina a cikinku, kada ka jira sai an ɗaure wani. Ka kai wa Yesu yau, yana iya riƙe shi.

Ku yi mani addu'a. Ku yi wa Malam Sani ma, Allah ya mayar mashi da mutuncinsa a idon mutane. Amin.