Ciyawar da Na Nome da Hannuna

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kina lafiya. Ni ne Alhaji Bala daga Moss Side, Manchester.

Ni ɗan manomi ne, da gumina na kafa shagona a ƙasar nan, ban taɓa neman koyarwar kowa ba. Bana na karɓi ɗan fili a wajen ƙaramar hukuma na shuka rama cikin rumfar leda. Ƙasar yumɓu ce, da ruwa ta cakuɗe, da rana ta tsage.

Ƙanin matata, Dakta Nura na Birmingham, ya zo ya watsa mini wani iri tsakanin kunyoyi. Da ya tsiro na ga ciyawa ce mai ganye uku-uku, na sa fartanya na nome ta tas. A garinmu rago ne ke barin ciyawa a gona. Ashe wata tsiro ce da ake kira kuloba, saiwarta ke sassauta yumɓu ta ciyar da ƙasa.

Yanzu ramar Nura, da ya bar kuloba a tasa gonar, ta kai kafaɗa, har maƙwabcinsa Bature ya zaci wiwi ce. Tawa kuwa ta tsumbure, ko zarginta ba a yi! Yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba, yau matata daga wajensa take karɓo ramar kwaɗo. Jiya ya bugo yana dariya: “Yaya, a aiko da ciyawa?”

Don Allah masu sauraro, ina ake sayar da irin kuloba a Manchester? Amma kada wanda ya gaya wa Nura.