Ko Tari Ne Ki Yi Masa

A bencin mai gyaran waya, wata mata da wani dattijo suna jiran a gama musu aiki.

"Don Allah ka hanzarta," ta ce wa mai gyara. "Ƙarfe huɗu ina da aji."

"Aji a waya?" in ji dattijon. "Me kike karantawa, 'yata?"

"Kasuwanci, Baba. Zangon ƙarshe nake. Da sai na je makaranta, da tuni na haƙura. Wa zai tsare mini shago?"

"Karatun da malami bai san fuskar ɗalibi ba? Ku rufe kyamara, ku bar mutum yana ta zuba kamar rediyo."

"Data ke da tsada. Amma wallahi ina ji, a jikin sikeli nake jingine wayar. Ran nan malaminmu ya yi bayanin kayan da suka yi kwantai, kafin ya rufe baki na sauko da katan uku na karya farashi. Sati bai cika ba suka ƙare."

"Kin gaya masa?"

"Ina! Shi dai kullum sai ya ce, 'Kuna ji na?' har sau uku. Ina amsawa, amma makirufo a kashe."

Dattijon ya daɗe yana goge tabarau.

"Shekara biyu ina yi wa nawa ɗaliban wannan tambayar. Takardar ajiye aiki ma tana aljihuna."

"Ayya, Baba."

"Yau in ya tambaya, ki kunna. Ko tari ne ki yi masa."