Kukan Rijiyar Magajiya

A tashar motar Sabon Wuse, shekarar da aka koma tuƙin dama, wani malamin makaranta ya zauna kusa da wani dattijo mai igiya a kafaɗa.

Malamin ya ce, "Baba, jahilci dai bai yi ba. Mako biyu matan unguwarmu ta Magajiya suka ƙaurace wa rijiya, wai aljani na kuka a ciki."

Dattijon ya bugi ƙirji. "Ai ni Bamalli na shiga cikinta! Addu'a a baki, tocila a hannu."

"Me ka tarar?"

"Mage ce ta haihu a kogon bango."

"Ka gani! Babu wani aljani."

"A'a, Malam, abin da idona ya gani na faɗa. Rijiya da murfi da kwaɗo, wa ya kai mage gaba biyar ƙasa? Wannan ban sani ba. Amma na sha ruwan a gaban kowa, mata suka dawo ɗiba. Kai da ka yi boko, ka sha?"

Malamin ya gyara tabarau.

"Wato... mai ɗakina ce har yanzu take ɗebo mana daga rafi."

"To, gobe ka zo, ni zan riƙe maka guga."