Motar da Ba Ta Shan Mai

A layin gidan mai, wani direban tasi ya leƙa wayar wani da ke tsaye da jarka, ya ga hoton wata mota, ransa ya sosu.

"Malam, motarka ce?"

"Ina! Ta ƙanena ce a ƙasar waje, ta lantarki. Wai can ko mai shara na iya saye."

Direban ya ja tsaki. "Mota ba ƙugi ba hayaƙi? Keken yara ne! Ko kyauta ba na so."

"Haka na faɗa masa. Ni na koya masa tuƙi fa, yau ni yake turo wa hoto!"

Layi ya motsa. Tankin direban ya bushe, sai ya sa kafaɗa yana turi, yana haki.

"Malam, wace ƙasa ka ce?"