Kofur Mamuda da Motar da Ta Zo Kwasar Guragu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman. Mai gari da masu unguwanni, Sarkin Kasuwa, Arɗo da jama'arsa, tsofaffin soja abokan tafiyar mamaci, 'yan'uwana guragu da kuka taso daga Makarfi da Kudan da Janfalan, wasu bisa jaki wasu da rarrafe, ina gaishe ku. Inna Sabuwa matar mamaci da 'ya'yanki da kuke saurare daga cikin zaure, sannunku da haƙuri. Ni ne Uwaisu maɗinki. Ku gafarce ni da na yi magana a zaune gaban manya, haka Allah ya halicce ni.

Mun taru sadakar arba'in ta Kofur Mamuda. Ya tafi yaƙin Bama da ƙafa biyu, ya dawo Ikara da ɗaya da kuma ta katako. Ranar kasuwar farko bayan dawowarsa ya same mu a bakin hanya, cikin rana, inda shanu ke wucewa. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Kai, wa ya ajiye ku nan?" Na ce, "Nan muka taras da na gabanmu." Ya ce, "Ban tambaye ka wa ka taras ba." Ya wuce wurin Sarkin Kasuwa, ga shi nan zaune, shi ne shaidata. Rumfar da nake ɗinki a cikinta yau daga wannan tambaya ta fito.

Ya kasance mai aikin hannu. Tsohuwar tayar mota yake yankawa ya ɗinka mana abin ɗaurawa a gwiwa, don kada tsakuwa ta cinye mu. Ya kasance mai naci. Matakalar ɗakin shan magani da muke tsayawa ƙarƙashinta muna jiran a tuna da mu, shi ya yi ta zirga-zirga har aka yarda ya tara jama'a aka zuba ƙasa aka yi mana gangara. Ya kasance, kuma wannan ne abin da wasu ba su so a gare shi ba, mutum ne da ba ya karɓar alheri sai ya juya shi ya duba bayansa.

Kun tuna bara, bayan an kai gyaɗa, wata babbar mota ta tsaya a bakin kasuwa. Wani mutum mai kwat da farin takalmi ya sauko, ya ce wata ƙungiyar taimako ce ta aiko shi daga birni. Za a kai guragu wurin likita, a miƙe ƙafar da za ta miƙu, a koya wa saura sana'a, abinci da makwanci kyauta. Wallahi zuciyata ta kwanta da maganar. Har na fara naɗe tabarmata.

Kofur ya matso yana dogara sandarsa. Ya ce, "Malam, sannu da hanya. Yaya sunan likitan?" Mutumin ya ce za mu gan shi idan mun isa. Ya ce, "To, yaushe za a dawo da su?" Ya ce sai aiki ya kammala. Ya ce, "Ni da aka yanke mini ƙafa, an gaya mini ranar shiga da ranar fita. Me ya sa kuma ku taimakonku bai tashi ba sai yanzu da ake share gari saboda babban baƙon da zai wuce?" Mutumin ya yi dariya, ya ce soja dai ba ya rabuwa da zargi. Kofur ya juyo gare mu ya ce, "Kada wanda ya hau. Ni zan je in gano muku."

Ya je. Ya dawo ya tara mu a rumfa ya faɗa mana abin da idonsa ya gani: wani tsohon sito a bayan gari, an kewaye shi da waya, mai gadi a ƙofa, mutane kwance a ƙasa. Babu likita, babu keken ɗinki ko guda. Daga Ikara ba wanda ya tafi. Amma motar ta riga ta bi ta Kudan kafin labari ya kai can, kuma Iliyasu mai saƙar faifai ya hau. Babban baƙon ya zo ya wuce, damina ta zo ta wuce, Iliyasu bai dawo ba. Da Kofur ya koma nemansa sai ya tarar da siton a buɗe, ba kowa, maƙwabta kuma suka ce ba su san lokacin da aka kwashe su ba. Tun daga nan bai huta ba, kuma bai bar kowa ya huta ba.

Yanzu zan faɗi abin da ake ta raɗawa a zaurukan garin nan, gara a ji shi a fili. Inna Sabuwa, ki yi haƙuri, ke kika ce in faɗa. Ran da ya rasu, da hantsi, wani baƙo ya yi sallama ya ce akwai mai labarin Iliyasu yana jiransa a mashigin rafi wajen Kurmin Kogi. Inna ta ce, "Malam, ka san shi?" Ya ce, "Ban san shi ba, shi ya sa zan je in ga fuskar wanda ya aiko shi." Bayan azahar jakinsa ya dawo gida shi kaɗai. Bobbo makiyayi ne ya same shi kife a rafin, rafin da a ranin nan ruwansa bai kai idon sawu ba. Ƙafarsa ta katako kuwa tana jingine jikin wata tsamiya, an kwance maɗaurinta an naɗe shi tsaf.

Wasu sun ce ya cire ta ne don ya huta, jiri ya kwashe shi. Yana yiwuwa. Ajali ba ya shawara da kowa, kuma Malam Liman ya sha gaya mana hatsarin mummunan zato. Ban kama sunan kowa ba, don ban gani ba. Amma mun zauna da Kofur, mun san ko barci zai yi a hanya ba ya kwance ƙafar nan. Baƙon da ya yi sallama kuma har yau ba wanda ya sake ganinsa, ba kuma wanda ya tambaye mu kamanninsa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, labari ya iso mu cewa motar za ta dawo kasuwa mai zuwa, wai wannan karon da sabon suna, kuma har da batun gina mana rumfa don tunawa da Kofur. Muna roƙo ka isar mana da kuka. Ba mu ƙi likita ba, mun fi kowa bukatarsa. A kawo shi nan, mu gan shi, ya gan mu. A nuna mana Iliyasu da ransa, ko a nuna wa mahaifiyarsa kabarinsa. Kafin wannan, mun yi shawara da bakinmu ɗaya: ran kasuwa za mu zauna a rumfarmu, wanda duk ke son ɗaukar gurgu sai ya ɗauke shi da hannunsa a gaban jama'a.

Inna Sabuwa da 'ya'yanki Hassana da Hussaina, ba mu da ƙafar bin sawun kowa, amma muna zaune a bakin kasuwanni huɗu, kuma duk mai shiga da mai fita ta gabanmu yake wucewa. Ba za mu daina dubawa ba.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo, da matan da suka kwana biyu kan murhu, da masu jakin da suka ɗauko 'yan'uwanmu.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Mamuda, ka yalwata kabarinsa, ka tashe shi da gaɓoɓinsa cikakku. Ka raya abin da ya bari. Idan ajalinsa ne kawai, ka yafe mana zatonmu. Idan kuwa da hannun wani, ya Allah, kai ka gani, kada ka ba shi barci sai ya faɗa. A shafa Fatiha.