Gaz ɗin da ke cikin firigona

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hadiza, mai sayar da ƙanƙara a Bobiel.

Wani mai gyara ya shigo unguwarmu bisa moto, ya cika wa maƙwabciyata Rabi firigonta. Babu wadda ta tambaye shi a cikinmu takardar shaidar ya koyi aikin. Ashe gaz ɗin girki ya ɗura. Firigon ya fashe da rana tsaka, Rabi na tsaye gabansa tana jera ledojin ruwa. Ba ta tashi ba.

Malam, a ranar shi ya cika nawa ma. Na zare wayar, amma har yau gurnaninsa bai bar kunnena ba. Ina zan samu mai takarda ya kwashe abin nan? Ɗaki ɗaya gare mu, ni da yarana da firigon.