Motar Matan Ollelewa Ta Samu Sakata daga Ciki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban wannan taro, mai girma magajin gari, wakilin Perefe mai mulkin Tanut, Majo shugaban gidan likitanmu, malamai da dattawa, 'yan uwana mata da kuka baro daka kuka zo, assalamu alaikum.

Sunana Ruƙayyatu, ni ce ƙungiyar mata ta ɗora wa yin magana. Na gode muku da kuka zauna cikin wannan rana saboda mota guda, motar da ta girmi rabin mutanen da ke wurin nan.

Magana ta farko, a tuna abin da ya faru. Wannan tsohuwar mota ita kaɗai muke da ita ta kai mai naƙuda asibitin Tanut. Injinta lafiya lau, amma kubobin ƙofofinta sun cinye tun tuni, da igiyar guga muke ɗaure su. Bara igiya ta kwance a kan tudu, ƙofa ta buɗe, Allah ne kawai ya tsare. Majo ya ce daga ranar ba mai cikin da za ta ƙara shiga, sai in ƙofa tana kulluwa daga ciki. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma san gaskiya ya faɗa. Wata biyar mata suna tafiya a amalanken shanu!

Magana ta biyu, aikin Manzo maƙeri, ga shi can yana sunkuyar da kai. Mun aika Damagaram neman kuba irin tata, aka ce an daina yin su tun kafin a haifi mai shagon. Manzo ya ce a bar masa. Kwana uku ya ƙera sakata huɗu masu kyan gaske, ya kafa su daga waje, yadda ya saba yi wa shago da ɗakin ajiyar gero. Muka sa Inna Fadimata, ungozomarmu, ta shiga gwaji, ya tura sakata ya tsaya yana jiran yabo. Sai muka ji muryarta ta taga: "Manzo ɗana, ni buhun gero ce? In wuta ta tashi wa zai buɗe mini?"

Ku yi dariyarku, mu ma mun yi. Amma ku ji abin da ya biyo baya. Mutumin nan bai yi fushi ba, bai ce aikin ya fi ƙarfinsa ba. Ya cire murfin ƙofa na ciki, ya zauna yana duba yadda masu ƙirar farko suka yi, har ya gane cewa wani siririn ƙarfe ne ke haɗa maɓallin da ke bakin taga da kuba. Tsatsa ta cinye ƙarfen, sai ya lanƙwasa na ƙafar babur ya maye gurbinsa. Ya gane kubar dama ba ta zama a hagu, bayan ya ɓata yini guda yana rantsuwa cewa ƙofar ce ta karkace. Ya goge haƙoran da suka dakushe, ya sa sabon sifirin, ya shafa mai. Yau ka danna ta kullu, ka ja ta buɗe, ko tsohuwa mai ciwon hannu za ta iya.

Majo ya zo da kansa, ya shiga, ya danna, ya bangaji kowace ƙofa da kafaɗa, ya fito ya sa hannu a takarda. Mun yi nasara, jama'a! Da maƙerarmu muka yi, da ƙarfen garinmu muka yi.

Magana ta ƙarshe. Ranar Alhamis da hantsi aka ɗauki Ummu, matar Aghali makiyayi, haihuwa ta zo mata a hanya mota tana gudu. An samu ɗiya mace, uwa da ɗiya lafiya. Da suka dawo na tambayi Inna yadda aka yi, ta ce mini: "Ruƙayyatu, shekara tara ina shiga motar nan da hannu ɗaya a kan ƙofa. Ranar ce na fara karɓar haihuwa a cikinta da hannu biyu."

Allah ya raya jaririyar nan, ya sauki masu ciki lafiya, ya yi wa hannun Manzo albarka, ya ba mu damina mai kyau, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.